Kakar da Muka Ara wa Baƙi Gida

Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi. Na bi dauloli tun daga tasowarsu har rushewarsu, na ga dokokin da aka rantse a kansu da safe aka taka su kafin la'asar. A duk abin da na karanta, doka ɗaya tak na samu wadda ba ta taɓa tanƙwara ba a ƙasar nan, mulkin soja ne ko na farar hula: a gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, mai gida shi ke cin wasa. Ba a rubuta ta a ko'ina ba, ina jin shi ya sa ta yi ƙarko.

Ga yadda take aiki. Ƙungiya za ta wuni ta kwana a mota, ta iso da kumburarrun ƙafafu, ta tarar da fili cike da masu shi. 'Yan kallo sun san aikinsu. Alƙalin wasa kuma ya san ƙofar fita ɗaya ce, kuma ta cikin jama'a ta bi. Sai a ci baƙuwar, ta koma garinta ta jira ranar da za ta rama. Kowa ya ci a gidansa, a ƙarshen kaka a duba wanda ya yi sa'ar kunnen doki a waje a miƙa masa kofi. Wani irin adalci ne, tunda zaluncin daidai ake raba shi.

Na kawo wannan ne don a gane girman abin da muka aikata, mu mutanen Daura. Mu muka karya dokar nan, kaka guda cur, kuma da kyakkyawar niyya muka karya ta.

A shekarar da nake magana, yammacin jiharmu yana cikin yaƙi. A bakin hukuma matsalar tsaro ce. Amma idan gari ya watse, gona ta koma daji, mata suka kwana a ajin firamare na wani gari da tabarmi da tukwane, to ni da na koyar da yaƙe-yaƙe na san abin da nake kallo. Mu a nan gabas Allah ya rufa mana asiri, labari muke ji, sai kuma baƙin fuskoki da muke gani a tasha. Gasar ƙwallo kuwa ba ta tsaya ba. An fitar da jadawali kamar kullum, da rana da lokaci, sai ka ce hanyoyin da za a bi suna nan yadda aka bar su.

Saura mako uku a fara, sai ga wayar wani tsohon abokina. Tare muka yi kwalejin horon malamai, gado ɗaya, shi a sama ni a ƙasa. Ni na bi littafi, shi ya bi fili, har ya zama mai horar da ƙungiyar garinsu, wadda ke buga ƙaramin rukuni na gasar ƙasa. Tun muna ɗalibai yake ce mini Farfesa don ya ba ni haushi, ni kuma nake ce masa Koci tun bai mallaki ko usur ba.

Ya ce, "Farfesa, filinku yana da katanga?"

Na ce, "Ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni. Yana da katanga?"

"Yana da ita, sai dai awaki sun san inda ta gaza."

"Ta isa. An ce ba ƙungiyar da za ta zo garinmu wasa. Ko mu nemi gida a wani wuri, ko mu janye. Aron gida nake nema."

Na kai maganar gaban manya, a ranar suka amince. Ba abin mamaki ba ne ga garin da tarihinsa ya soma da baƙon da ya iso ya nemi ruwa, har yau kuma muke kai mutane su leƙa rijiyar. Aka kafa kwamitin masauki. Shugabansa wani dattijo ne dillalin shanu, Alhaji kawai muke ce masa. Bai taɓa kallon wasan ƙwallo ba, amma zaurensa ya sauki mutane fiye da kowane otal a garin. Ni aka ba ni sakatare, aka haɗa mini da lasifika, wai ni na iya magana.

Suka iso a bas ɗaya, da raga, da katifu a ɗaure a sama. Ɗaya daga cikin masu tsaron baya ya taho da keken ɗinkin mahaifiyarsa, don ba inda zai bar shi. Muka sauke su a wani gidan malamai da ba kowa a makarantarmu. Bayan la'asar muka zauna da Koci a gindin darbejiyar da ke ƙofar gidan, na yi masa tambayar da ke raina.

Na ce, "Koci, iyalinka sun rabu gari uku. Gemunka ya yi fari. Me kake yi da ƙwallo a wannan hali?"

Ya ce, "Kana jin rediyo?"

"Kullum."

"Yaushe rabonka da jin sunan garinmu?"

"Shekaranjiya."

"Me aka ce?"

Na ce, "Labarin hari ne."

Ya ce, "To ka ji. Ranar Litinin da safe, a labarin wasanni, ana faɗin sunan garinmu a bi shi da lamba. Ɗaya, ko biyu, ko babu. Lambar nan ta ƙwallo ce, ba ta gawa ba. Mutanenmu duk inda suka warwatsu suna kunna rediyo don su ji ta. Idan muka faɗi daga rukunin nan, rediyo ba ya karanta na ƙasa da mu, masu ƙungiyar kuma sun ce rufe ta za su yi. Ba kofi nake nema ba, kada dai mu faɗi. Wasannin waje na san za a ci mu. Na gida ku ba ni."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Na faɗa da tabbacin mutumin da bai taɓa tara jama'ar da ta wuce taron ɗalibai na safiya ba.

Wasan farko ya faɗo ranar Lahadi, ƙarfe huɗu. A nan na fara gane kuskurena. A daidai wannan lokaci ƙungiyoyin Turai ke wasa, samarinmu kuwa, waɗanda ke iya rasa murya a kan garin da ba za su iya nuna shi a taswira ba, duk suna gidajen kallo. Waɗanda suka zo fili dattawa ne, da malamai, da manoma, da 'yan kasuwar da suka baro Mai'adua da wuri. Ba ƙwallo ta kawo su ba. Sun ji an ce ga mutanen da masifa ta auka wa sun zo, suka sa fararen kaya da huluna suka zo jaje. Suka zauna sahu-sahu, hannu a kan gwiwa. Da 'yan wasanmu suka fito, maimakon fili ya ɗauka da sowa, sai wani gunguni ya bi benci-benci: "Allah ya kyauta. Allah ya mayar da alheri." Wasu har suka miƙe suka ba su hannu. Na ga kyaftin ɗinmu yana amsawa da kai a sunkuye, kamar wanda ake yi wa gaisuwar mutuwarsa.

Ina cikin wannan sai na hangi Alhaji ya nufi motar abokan karawarmu, a bayansa ana ɗauke da ƙorai biyu na fura da nono mai sanyi. Ya yi musu sannu da zuwa, ya tambaye su hanya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya kai su ɓangaren da ke da inuwa, ya sa aka ba su bencin da ba ya rawa. Kocinsu, mutum mai shekaru a harkar, ya dubi furar nan ya ƙi taɓawa, sai da Alhaji ya sha a gabansa. Daga nan ya sha ludayi uku. Yaransa suka shiga fili suka yi wasan da ba su taɓa yi a waje ba. Da suka jefa ƙwallo a ragarmu jama'a suka tafa, don gaskiya ci ne mai kyau. Da muka rama suka sake tafawa, daidai gwargwadon na farko, ba ƙari ba ragi. Aka tashi ɗaya da ɗaya.

Koci ya zo ya tsaya a gabana ina naɗe wayar lasifika. Ya ce, "Farfesa, nan gida ne ko asibiti?"

Washegari na sami Alhaji a zaurensa. Na shirya hujjojina a jere kamar darasi. Na ce masa yaran nan baƙinmu ne, amana ce a hannunmu, su ya kamata mu mara wa baya.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Malam, kwanansu nawa a garin nan?"

"Mako biyu da 'yan kwanaki."

"To. Haƙƙin baƙo kwana uku ne. Waɗancan jiya suka iso, yau da asuba suka tafi. Tsakani da Allah, wane ne baƙo a ciki?"

 Na ci jarrabawar da ta fi wannan wuya, amma a takarda.

Haka aka ci gaba. Duk wanda ya zo ya sha fura, ya zauna a inuwa, ya tafi da maki ɗaya da addu'ar sauka lafiya. Abin da ba zan manta ba ya faru ne a wasa na huɗu. Ana dab da tashi, babu ci, sai ɗan gabanmu ya shiga da'irar gola ya faɗi. Ni ina kusa, na ga abin da ya kayar da shi, iska ce. Alƙalin wasa, mutum mai sanin doka, ya hura usur ya nuna fenariti, fuskarsa irin ta wanda ya sauke farali. Koci ya ɗaga hannu sama yana godiya ga Allah.

Sai wani malamin zaure da ke zaune kusa da Alhaji ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Bai taɓa shi ba."

Na kusa da shi ya ce, "Wallahi bai taɓa shi ba."

Wani ya ce, "Tashi, ɗana, ka ji tsoron Allah."

Magana ta bi benci-benci har ta zagaye filin. Alƙalin nan ya tsaya yana waige-waige. Na tabbata ya ji jama'a sun nemi fenariti da zagi, ya ji sun nema da dutse, amma bai taɓa jin masu gida sun mayar masa da ita ba. Ya je wurin mai tuta suka yi ƙus-ƙus, ya dawo ya soke, ya kuma ɗaga wa ɗan gabanmu katin gargaɗi. Bencin dattawa ya ce, "Madalla." Bayan an tashi, kocin baƙi ya nemi a ɗauke shi hoto da Alhaji. Koci namu kuwa ya wuce ni ko kallo babu, kwana biyu bai amsa wayata ba.

Da muka shirya, ya ce lalle in bi su wasan waje ko sau ɗaya, in ga yadda ake gida. Na bi su. Muka tashi bayan asuba, muka nausa yamma. A wani wuri aka tsayar da mu sai da motoci suka taru, sannan aka sake mu a jere, sojoji a gaba. Daga nan direba ya kashe waƙa, ba wanda ya ce ya kashe. Hanyar ta ratsa ta garin Koci. A mashigar garin, hannun dama, ga tsohon filinsu. Ciyawa ta kai ƙugu, sandunan raga biyu suna tsaye a cikinta. Mutum ashirin da wani abu a motar, duk suka juya suka kalla.

Can inda muka je kuwa, na ga ilimi. Ba wanda ya tare mu. Ɗakin sauya kaya a kulle, wai mai makulli ya tafi ɗaurin aure, a mota yaran suka sa kaya. Bencinmu yana tsakiyar rana. Aka jera makaɗa a bayan golanmu, aka yi minti casa'in ana ba shi labarin mahaifiyarsa, wanda shi kansa bai sani ba. Aka ci mu biyu, ɗaya daga ciki haramtacce ne ƙarara, ko mai cin sai da ya yi dariya. A hanyar dawowa Koci ya jingina da taga, ya ce da wata irin murya ta mai kewa, "Ka ga gida, Farfesa?" Ni da nake koya wa yara ladabi, na ji ina hassadar mutanen nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ba ƙin yaran aka yi ba. Son su aka yi. Kafin tsakiyar kaka kwanon abinci ba ya yankewa a ƙofar gidansu, mai ɗakina ma duk Juma'a sai ta aika da tuwo da miyar kuka. Ana gayyatar su suna da ɗaurin aure. Kyaftin ya zama mai jan salla a masallacin unguwa idan liman ya yi tafiya. Mai keken ɗinki ya sami rumfa a bakin kasuwa, rabin dattawan benci shi ke yi musu wuyan riga. Na ce alhamdulillahi, yanzu sun zama namu, sai a ji fili ya ɗauka. Sai abin ya juya. Tafin da ake yi musu a da ma ya ragu. Mu ci, a yi shiru, kowa ya sunkuyar da kai. Baƙi su ci, a tafa.

Na koma zauren Alhaji, wannan karo ban shirya komai ba, fushi kawai na kai.

Na ce, "Alhaji, yanzu yaran nan namu ne ko baƙi ne?"

Ya ce, "Namu ne mana. Wa ya ce ba namu ba ne?"

"To shirun na mene ne?"

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya maimaita aji. Ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu. Idan ɗanka ya yi kokawa da ɗan baƙo a ƙofar gidanka, wa kake tsawata wa?"

"Nawa."

"In naka ya kayar, sai ka yi guɗa?"

"A'a."

"Ka taɓa yabon ɗanka na fari a gaban mutane?"

 Ɗana na fari ya yi aure har ya haihu, kuma har yau bakina bai taɓa kama sunansa ba.

Ya ce, "To kara muke yi. Kai kake so mu zubar da ita a kan ƙwallo."

Na fito ina lissafa abin a raina. Da suna baƙi, an sami waɗanda suka fi su baƙunta. Da suka zama 'ya'ya, sai kunya ta hau kanmu. Na nemi rana ɗaya tsakanin biyun nan da ta halatta a yi musu sowa, ban samu ba.

Sakamakon ya fito yadda mai hankali zai zata. Duk wasan waje an ci mu, duk wasan gida kunnen doki. Wata ƙungiya ta janye tun tsakiyar kaka saboda hanyarta ta gagara biyuwa, don haka ɗaya kawai ta rage da za ta faɗi. Wasan ƙarshe a filinmu ne, kuma da ƙungiyar da ke samanmu kai tsaye, daga can yamma. In mun ci, su za su faɗi. In an yi wani abu ban da wannan, mu ne.

Mako biyu nake da shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana cewa a yi shiru a aji, sai ga shi yana yawo gari-gari neman hayaniya. Allah ya taimake ni an gama gasar Turai, samari suna zaune ba abin yi wa ihu, na bi su majalisa-majalisa. Na je wurin sarkin fawa ya ba ni alkawarin masu kalangu. Na yi magana da 'yan acaɓa. Sai a lokacin abin da ya kamata in yi tun ranar farko ya faɗo mini: ai garin Koci yana da mutane, warwatsuwa kawai suka yi. Na hau mota na je Dutsi, na je Kongolam, na je Babban Mutum, duk inda na ji an ce akwai waɗanda suka sauka wurin dangi. Wata tsohuwa a Babban Mutum, da na faɗi abin da ya kawo ni, ta shiga ɗaki ta fito da 'yar rediyonta ta nuna mini, an ɗaure murfin batir da zare. Ta ce, "Ɗan nan, kowace Litinin." 'Yan kasuwa biyu suka ba da motocinsu na ɗaukar hatsi a kwaso mutane.

Saura Alhaji. Na same shi na gaya masa maganar rediyo, yadda Koci ya gaya mini a gindin darbejiya, na haɗa da ta tsohuwar nan. Ban san abin da ya hana ni gaya masa tun farko ba. Ina jin na ɗauka hujja ta fi labari ƙarfi, ciwon malamai ke nan. Ya daɗe yana jan carbi.

Ya ce, "Me kake so in yi?"

"Kada ka yi komai. Kada ka tare su, kada ka kai musu fura."

"Ko ruwa?"

"Ko ruwa."

"Malam, kana so in je lahira da wannan a wuyana."

"Awa biyu ne, Alhaji."

Ya nisa. Ya ce, "Zan zauna can baya kamar ba na nan. Dattawa kuma zan ce su kama bakinsu. Amma kada ka sake roƙona irin wannan."

Ranar ta zo. An yi ruwan shuka a daren, na tsorata kada gona ta riƙe mutane, amma suka yi shukarsu da safe suka taho da laka a ƙafa. Kafin ƙarfe uku fili ya cika, har kan katanga, har inda awaki ke shiga. Kalangu yana tashi ta kusurwa huɗu. Matan garin Koci suka kama gefe guda suna rangaɗa guɗa, suna kiran sunan garinsu, samarinmu suna amsawa. Wasu sun tsaya a bayan raga suna gwajin zagin golan da ba su taɓa gani ba. Bencin baƙi na sa an kai shi tsakiyar rana da hannuna, Allah ya yafe mini. Koci ya fito da kayan horo masu guga, ya tsaya ya dubi jama'a, ya daɗe yana duba. Ya ce, "Farfesa, ashe kana da amfani."

Ƙarfe huɗu ta yi, baƙi ba su iso ba.

Da farko abin ya ƙara wa samari daɗi, suna cewa tsoro ne. Huɗu da kwata. Alƙalin wasa ya dubi agogo ya dubi ƙofa. Koci ya kira kocinsu, waya tana shiga ba a ɗauka. Ya sake kira. Matan nan su suka fara yin shiru, don sun fi kowa sanin abin da ake nufi idan mota ta makara daga yamma. Shirun ya bi ta cikin jama'a kamar yadda maganar fenariti ta bi. Masu kalangu suka rataye kayansu. Na duba takardar jawabin da na kwana biyu ina gyarawa, na ninke ta na sa a aljihu.

Sai ga Alhaji ya taso daga baya, ya zo ya tsaya kusa da ni yana kallon ƙofa. Can gefen motarsa na hangi ƙorai biyu a rufe da faifai.

Na ce, "Alhaji, ba haka muka yi da kai ba."

Ya ce, "Na ce ba zan kai musu ba. Ban ce ba za a dama ba."

Da lokacin jira ya cika, alƙali ya kira 'yan wasanmu su sha ɗaya suka jeru a rabin fili, ɗayan rabin ba kowa. Ya ajiye ƙwallo a tsakiya ya hura usur. Kyaftin ya taɓa ta da gefen ƙafa, ta gangara taku biyu ta tsaya a laka. Alƙali ya sake hurawa sau uku. A ƙa'ida an ba mu maki uku da ci uku. Aikina ne in sanar, na sanar. Lasifikar nan ba ta taɓa yin ƙara irin ta ranar ba, don ba abin da ke gasa da ita.

Ba wanda ya tafa. Malamin zauren nan ya miƙe ya ɗaga hannu, ya ce a yi wa matafiya addu'a. Filin da na yi mako biyu ina tarawa don ya zagi mutanen nan, ya ɗaga hannu gaba ɗaya yana roƙa musu sauka lafiya, har da na bayan raga. Koci yana tsakiyar fili, hannu ɗaya a sama, ɗaya riƙe da waya a kunne.

Dab da magariba kocinsu ya kira. Suna lafiya. Direbansu ya ga motocin gaba suna juyowa a guje, ya juya shi ma. Waɗanda ke can gaba ba su sami juyowa ba. Ya ce za su nemi a sake sa rana. Sun nema, aka ce musu jadawali jadawali ne. Furar kuwa, masu kalangu suka shanye ta.

Ranar Litinin da safe muka zauna da Koci a gindin darbejiya, rediyo a tsakaninmu, muka saurari labarai tun daga farko. Da aka zo na wasanni aka faɗi sunan garinsu, aka bi shi da uku. Ba su faɗi ba. Shi ne kaɗai wasan da suka ci a gida a kakar nan.

Karo na biyu ke nan da aka ambaci garin a safiyar. A mashigarsa aka tare hanyar da motar baƙin namu ta biyo, daura da tsohon filinsu.